In kowace mazhabar ɗabi'a tana da ɓaraka, ashe kirki ra'ayi ne kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, a wannan zangon karatu muka fara darasin falsafar ɗabi'a. An koya mana ra'in Aristotal, da na Kant, da na Bentham da Mill. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda malaminmu ya gama bayaninsa har na ji na gamsu, sai ya kawo wani misali ya rushe shi. Yanzu na rasa na kamawa. Shin ashe kyau da muni ra'ayi ne kawai, kowa da nasa? Kuma ni da nake da addinin da ya bayyana mini halal da haram, me wannan karatu zai ƙara mini?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, abu biyu ke damunka. Ka ga manyan masana sun shafe fiye da shekara 2,000 suna ja-in-ja ba su daidaita ba, sai zuciyarka ta raya maka cewa wataƙila dama babu wata gaskiya a wurin da za a daidaita a kanta. Sannan kana son sanin matsayin wannan karatu a wurin mai addini. Zan ɗauke su tare, domin jijiyarsu ɗaya ce.

Bari in fara da wani abu da ya faru a ajinku wanda ina jin ya wuce ka. Da malaminku ya kawo misalin da ya rushe ra'in Bentham, me ya sa ka yarda cewa ya rushe ɗin? Na san irin misalan da ake kawowa, domin ni ma su nake kawo wa ɗalibaina. Ga likita da majiyyata biyar, kowannensu zai mutu in ba a dasa masa wani sashe na jiki ba: wannan zuciya, wancan hanta, waɗancan ƙoda da huhu. Sai ga wani lafiyayyen mutum ya shigo a duba shi, ba wanda ya san ya zo. Lissafi ya ce a yanka ɗaya a ceci biyar. Ajin gaba ɗaya ya ce a'a. To, wannan "a'a" daga ina ta fito? Ba a littafin Kant kuka karanto ta ba, wataƙila ma ba ku kai ga Kant ba a lokacin. Kun fi sakankancewa da cewa yanka mutumin nan zalunci ne fiye da yadda kuka sakankance da kowane ra'i da aka koya muku. In da kyau da muni ra'ayi ne kawai, da babu misalin da zai iya kayar da kowane ra'i, sai dai kowa ya ce haka na gani, a tashi. Ra'i ba ya faɗuwa sai ya yi karo da abin da ya fi shi ƙarfi, kuma abin da ya fi shi ƙarfin nan shi ne sanin da kake tsammanin ba ka da shi.

Lamarin ya yi kama da na nahawu. Mai harshe yakan ji jimla ta karye tun kafin ya iya faɗin dokar da aka karya. Masana nahawu su zo su tsara dokoki, a yi ta samun togaciya, su yi ta gardama a tsakaninsu, amma ba wanda zai ce saboda haka kowace jimla daidai ce. Ra'o'in ɗabi'a yunƙuri ne na tsara abin da muka riga muka sani gutsi-gutsi, da fatan tsarin ya haska mana inda ba mu sani ba.

Daga ina kyau da muni suka samo asali?

Masu wannan fanni sukan raba tambayoyinsa hawa uku. Na ƙasa shi ne na tushe: in an ce abu yana da kyau, me ake nufi, kuma me ya sa ya zama haka? Na tsakiya shi ne na ma'auni: da me za a auna aiki a ce daidai ne ko kuskure? A nan su Aristotal da Kant da Mill suke. Na sama shi ne na aikace, irin su yaƙi, da hukuncin kisa, da sirrin majiyyaci. Ruɗaninka ya taso ne a hawa na tsakiya, amma tambayar taka ta hawa na ƙasa ce.

Sukrat, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a birnin Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai bar rubutu ba, ɗalibinsa Aflatun ne ya rubuta muhawarorinsa. A ɗaya daga ciki, Sukrat ya haɗu da wani mai suna Yutifiro a bakin kotu, ya zo ƙarar mahaifinsa a kan mutuwar wani ma'aikaci, yana ta bugun ƙirji cewa shi ya san abin da addini ya yarda da shi. Sai Sukrat ya tambaye shi: abin kirki, allolinku suna son sa ne don yana da kyau, ko kuwa ya zama mai kyau ne don suna son sa? Girkawan lokacin masu bautar alloli barkatai ne, amma tambayar ba ta mutu da gumakansu ba.

Malaman Musulunci sun yi wannan muhawara da kansu, a babin da suke kira tahsini da taƙbihi, wato yadda ake gane abu mai kyau ne ko mummuna, kuma sun zurfafa ƙwarai. Mazhabobin aƙida sun rabu a kai. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar wanda ya rasu a 1025, sun ce hankali yana iya gane munin zalunci da kyawun gode wa mai kyautatawa tun kafin wahayi ya zo, wahayi yana tabbatarwa ne yana kuma ƙara abin da hankali ba zai kai gare shi ba. Ash'arawa suka ce a'a: in ana maganar kyau da muni da ma'anar abin da ke jawo lada ko azaba, to shari'a ce kaɗai ke tabbatar da shi, ko da yake sun yarda hankali yana gane cewa ilimi kamala ne, jahilci tawaya. Maturidawa suka tsaya a tsakani, haka ma Ibn Taimiyya ya bi wata hanya ta tsakiya, cewa ayyuka suna da siffofin kyau da muni da hankali ke iya riska, amma babu azaba sai bayan an aiko manzo. A ɓangaren Kiristanci ma an yi irin wannan rabuwa: Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce akwai doka ta halitta da hankalin kowane ɗan Adam ke iya ganewa, William na Okam kuwa ya fi jingina lamarin ga nufin Ubangiji.

Ka ga ke nan tambayarka ta biyu ba daga waje aka shigo da ita addini ba. Ko da ka tsaya a kan maganar Ash'arawa kai da fata, aiki bai ƙare ba. Malaman usulu sukan ce nassoshi ƙididdigaggu ne, abubuwan da ke faruwa kuwa ba su da iyaka. Shi ya sa Imam Gazali, wanda shi kansa Ba'ash'are ne, ya zauna ya fitar da abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, wato addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya, daga baya Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya faɗaɗa wannan babi na manufofin shari'a. Auna maslaha da ɓarna, da duba niyya, da sanin wane haƙƙi ke gaba in biyu sun haɗu, duk tunani ne irin wanda kuke koyo a aji. Ba na cewa falsafa za ta ba ka fatawa. Ba aikinta ba ne, wannan na malaman fiƙihu ne. Abin da za ta ba ka shi ne kaifin gane inda hujja ta yi tsalle, da kuma harshen da za ka yi magana da wanda ba addininku ɗaya ba in kun haɗu a asibiti ɗaya ko majalisa ɗaya kuna neman matsaya.

Saura hujjar da masu cewa "kowa da nasa" suka fi dogara da ita, wato bambancin al'adu. Tsohuwa ce ita ma. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya tambayi Girkawa nawa za a biya su su ci gawar iyayensu, suka ce babu kuɗin da zai sa su yi. Ya kira wata ƙabila ta Indiya da ke cin gawar iyayenta ya tambaye su nawa za a biya su su ƙona ta, kamar yadda Girkawa ke yi, suka yi kururuwa suka ce ya daina wannan mummunar magana. Ana kawo labarin don a nuna al'ada ce sarki. Ni kuwa abin da nake gani a ciki daban ne: ɓangarorin biyu duk sun firgita ne saboda abu guda, girmama mahaifi bayan ransa. A kan hanyar girmamawar suka saɓa. Da yawan saɓanin da ake kira na ɗabi'a, in ka tona, saɓani ne a kan yadda duniya take ko a kan hanya. Kwanfushiyas a ƙasar Sin, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar da cewa kada ka yi wa wani abin da ba ka so a yi maka, bai kuwa taɓa jin labarin Atina ba. Ban ce babu saɓani na haƙiƙa ba, akwai. Amma samuwar saɓani ita kaɗai ba ta nuna babu gaskiya, in ba haka ba da ilimin likitanci ma ya zama ra'ayi.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata ka riƙe daga David Hume, ɗan ƙasar Sikotilan. A 1740 ya lura cewa marubuta sukan yi ta bayanin yadda abu yake, sai kwatsam su koma yadda ya kamata ya kasance, ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. "Kowa yana yi" ba ta haifar da "ya halatta a yi". Za ka sha cin karo da wannan tsalle a muhawarar yau da kullum.

Aristotal: wane irin mutum za ka zama?

A wani littafinsa, Aflatun ya sa yayansa Gilokon ya kawo wani labari mai tayar da hankali. Wani makiyayi ya tsinci zobe wanda in ya juya shi sai ya ɓace, ba mai ganinsa. Da shi ya shiga fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya hau gadon mulki. Gilokon ya ce a ba mai adalci irin wannan zobe a gani, ai shi ma haka zai yi, domin adalci yarjejeniya ce kawai da mutane suka ƙulla saboda tsoron juna. Wannan ra'ayi ne Thomas Hobbes ya farfaɗo da shi a Ingila a 1651, inda ya ce in babu hukuma rayuwa yaƙin kowa da kowa ce. Amsar Aflatun, wadda ɗalibinsa Aristotal ya gyara ya daidaita, ita ce mai zoben ya cuci kansa ko da ba a kama shi ba, domin ya lalata abin da ya sa shi mutum.

Aristotal ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi bai fara da tambayar wane aiki ne daidai ba. Ya fara da cewa duk abin da muke nema muna neman sa ne don wani abu, kuɗi don biyan buƙata, magani don lafiya, to mene ne wanda ake nema don kansa? Ya ce sa'ada ce, wato rayuwar da ta yi albarka daga farkonta zuwa ƙarshenta, ba jin daɗin yini guda ba. Hanyarta kuwa ita ce mutum ya yi aiki da hankalinsa bisa kyawawan halaye. Kuma hali a wurinsa ba zanen dutse ba ne tun daga haihuwa, da maimaici ake sassaƙa shi: da gini ake zama magini, da aikata adalci ake zama adali.

Sanannen ma'auninsa shi ne tsaka-tsaki. Jarumta tana tsakanin ragwantaka da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ɗalibai sukan ɗauka wannan na nufin a yi komai rabi-rabi, ba haka ba ne. Tsakiyar tana motsawa gwargwadon mutum da hali da lokaci. Fushin da ya dace in an taka ka bisa kuskure ba shi ne wanda ya dace in ka ga ana cin zalin yaro ba. Ya kuma faɗa ƙarara cewa wasu ayyuka ba su da tsakiya, kamar kisan kai da sata da zina, babu wani gwargwado nasu da yake daidai. Wa zai gane inda tsakiyar take? Mai hikimar aiki, wanda gogewa ta koya wa ganin abin da ke gabansa. Shi ya sa ya ce matashi bai cika amfana da wannan darasi ba, don bai ga rayuwa ba tukuna. Kada ka ji haushi, ni ma da aka karanta mana wurin ina ɗalibi ban ji daɗinsa ba.

Wannan mazhaba ita ce ta fi shiga rubutun Musulmi. An fassara littafin Aristotal na ɗabi'a zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, Miskawaihi wanda ya rasu a 1030 ya gina Tahzibul Akhlaƙ a kansa, Gazali kuma a Ihya'u ya ce hali wata siffa ce tabbatacciya a rai wadda ayyuka ke fitowa daga gare ta cikin sauƙi ba tare da dogon tunani ba, ya kuma lissafa uwayen halaye huɗu: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Su ne dai huɗun da Aflatun ya ambata.

Ɓarakarta a fili take. Ka zo da matsala a hannu, an ce maka ka yi abin da mai hikima zai yi. To in da na san abin da zai yi, ai da ban tambaya ba. Ga kuma wasu masanan zamanin Girkawa, Sitoyikawa, mabiyan Zeno, da suka ce nagarta kaɗai ta isa sa'ada ko mutum yana cikin sarƙa, alhali Aristotal ya ce sai da ɗan rabo na lafiya da abokai da abin hannu. Abiƙur kuma, wani masanin Girka, ya ce jin daɗi ne manufa, amma yana nufin kwanciyar rai da rashin ciwo, ba sharholiya ba kamar yadda aka yi masa ƙage.

Kant da iyakar da ba a ƙetarewa

Immanuel Kant an haife shi a 1724 a birnin Konigsbag, wanda yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad, a can kuma ya rasu a 1804. A littafinsa na 1785 ya ce babu abin da yake mai kyau ba tare da sharaɗi ba sai kyakkyawar niyya. Basira da ƙarfin zuciya da dukiya duk suna iya zama makamin mugu. Ya ba da misalin ɗan kasuwar da ba ya cutar yaro a ciniki don kada sunansa ya ɓaci. Aikinsa ya dace da wajibi, amma ba don wajibi ya yi ba, don haka ba shi da darajar ɗabi'a.

Ma'auninsa shi ne: kafin ka yi abu, ka fitar da ƙa'idar da kake bi, ka tambayi kanka ko za ka iya so ta zama doka ga kowa. Kana cikin matsi, kana son rance, ka san ba za ka biya ba, amma ka yi alkawari. Ƙa'idarka ita ce, duk wanda ya matsu ya yi alkawarin ƙarya. In kowa ya bi ta, ba mai sake yarda da alkawari, kai ma ba za ka samu rancen ba. Lura da kyau, Kant ba cewa yake kada ka yi ƙarya don raminta ƙurarre ne ba. Cewa yake maƙaryaci yana cin moriyar dokar da ya cire kansa daga cikinta, yana so kowa ya riƙe gaskiya ban da shi. Ya sake faɗin ma'aunin ta wata fuska wadda ni na fi ganin ƙarfinta: kada ka ɗauki ɗan Adam, kai ko waninka, a matsayin kayan aiki kawai. Kaya suna da farashi, mutum kuwa mutunci gare shi, ba a musanya shi da komai.

A aji nakan fara da misalin da masaniyar falsafa Philippa Foot ta kawo a 1967. Tarago ya ƙwace, yana gangarowa kan mutum biyar da ke aiki a layin dogo, ana iya karkatar da shi zuwa wani layi inda mutum ɗaya yake. Nakan ce wanda zai karkatar ya ɗaga hannu, mafi yawa su ɗaga. Sai in kawo na likitan nan. Hannuwa su sauka, a yi tsit, wani ya yi dariyar jin kunya. Ɗaya da biyar ne a nan, ɗaya da biyar ne a can, me ya canza? A na tarago, da mutumin zai tsallake ya tsira, da kowa ya yi murna, ba a bukatar mutuwarsa. A na likita kuwa jikinsa ne kayan aikin, in ya gudu shiri ya rushe. Wannan bambanci tsakanin abin da ka nufa da abin da ka hango zai biyo baya, Akwinas ya taɓo shi tun a ƙarni na 13 da yake maganar kare kai, kuma ma'aunin Kant na biyu ya kama shi daidai.

Inda Kant ya yi tuntuɓe shi ne a 1797, da yake mayar wa wani marubuci mai suna Benjamin Constant martani. Ya ce ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana tambayar abokinka da ya ɓuya a ɗakinka, ba ka da damar yi masa ƙarya. Kusan ba wanda ya bi shi a nan, har cikin mabiyansa. Masanin falsafa W. D. Ross a 1930 ya kawo gyara mai ma'ana: wajibai suna da yawa, cika alkawari, da gaskiya, da rashin cutarwa, da sāka alheri, kowanne yana da nauyi, in sun yi karo sai a duba wanda ya rinjaya a wannan hali. Sai dai bai ba da sikelin awon ba, ya bar wa mai hankali. Ka ga an koma gidan Aristotal ta ƙofar baya.

Bentham da Mill

Jeremy Bentham a 1789 ya ce a daina kewaye-kewaye: jin daɗi da jin zafi su ne ke mulkin ɗan Adam, aikin da ya fi samar da daɗi ya rage wahala ga mafi yawan waɗanda abin ya shafa shi ne daidai. Har ma'aunai bakwai ya jera, ciki har da tsananin daɗin, da daɗewarsa, da tabbacinsa, da yawan mutanen da zai kai gare su. John Stuart Mill, wanda littafinsa kan wannan mazhaba ya fito a 1863, ya ga lissafin ya yi tsiraici da yawa, ya ce daɗi hawa-hawa ne, gara mutum ya zama Sukrat cikin rashin gamsuwa da ya zama wawa cikin gamsuwa. Gyaran ya yi kyau, amma ya buɗe wata ƙofa: in wani daɗin ya fi wani daraja ba don yawansa ba, to akwai wani ma'auni ban da daɗi ke nan.

Kada misalin likita ya sa ka raina wannan mazhaba. Ƙarfinta shi ne kowa ɗaya ne a lissafi, wahalar talaka ba ta gaza ta sarki nauyi ba. Duk hukumar da ke da kuɗi kaɗan da cututtuka da yawa, dole ta yi irin wannan lissafi, in ta ƙi kuwa mutane su mutu a banza. Mabiyanta na baya sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da cewa dokoki za a auna ba aiki ɗai-ɗai ba: duniyar da likitoci ke yanka masu zuwa asibiti ba wanda zai je asibiti a cikinta. Amsa ce, amma ni ba ta gamsar da ni ba. Laifin da aka yi wa mutumin nan shi aka yi wa, ba wai don asibitoci za su rasa jama'a ba.

Yadda abin yake a zaure

Na taɓa zama a kwamitin ladabtarwa inda aka kawo wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe da aka kama yana rubuta wa abokinsa jarrabawa, abokin yana kwance ba lafiya. Doka ta ce kora. Yaron yana tsaye, hannuwa a baya, bai musa ba, bai kuma karɓi ko sisi ba. Wani daga cikinmu ya ce korarsa ba za ta amfani kowa ba, sai dai ta rusa shekarun da ya yi da begen iyayensa. Wata ta ce a duba irin yaron, tausayi ne ya kai shi, ba ha'inci ne halinsa ba. Muhawara ta karkata wajen sassauci, har sai da wani dattijo da bai ce komai ba tun farko ya rufe fayil ɗin gabansa ya tambaya: waɗanda muka kora bara a kan wannan laifi, da ba su da labari mai taɓa zuciya, me za mu ce musu? Ba wanda ya ambaci sunan wani masanin falsafa a zauren, amma duk sun halarta. Abin da karatun ya yi mini a ranar shi ne na gane ba wanda ke magana don son rai, kowa ya riƙo wani abu na gaske ne, kuma duk hukuncin da muka yanke akwai abin da za mu yi hasara. Mun bi doka, muka kuma rubuta shawarar a sake duba ta don a bambanta mai yi don kuɗi da wanda ba haka ba. Wasu abokan aikina har yau suna ganin mun tsaurara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce.

Saura wani abu da zai iya zama ƙalubale ga duk abin da na faɗa. Na ce hukuncin zuciya a kan misali yakan fi ra'i ƙarfi. To, ba kullum ba. Aristotal, da duk kaifin basirarsa, ya kare bauta, ya ce wasu mutane bayi ne a halittarsu, kuma mafi yawan mutanen zamaninsa ba su ji wani ɗaci a maganar ba. Bentham ne, da busasshen lissafinsa, ya ce game da dabbobi abin tambaya ba ko suna tunani ko suna magana ba ne, a'a, ko suna jin zafi. Mill kuma ya tsaya a majalisar dokokin Ingila a 1867 ya nemi a ba mata damar zaɓe, aka kayar da shi. A waɗannan wurare ra'i ne ya gyara zuciya. Saboda haka gyaran ta fuska biyu yake tafiya, abin da masanin falsafa John Rawls ya bayyana a 1971: ka gwada ƙa'ida da hukuncin da ka fi amincewa da shi, ka gwada hukuncin da ƙa'ida, ka yi ta daidaitawa.

Yaya za ka san lokacin da zuciya ce ke da gaskiya da lokacin da sabo ne kawai ke magana? Babu ma'aunin da ya yanke wannan, kuma a nan ilimin namu ya tsaya. Akwai dai alamu da nake amfani da su. In hukuncin da kake ji ya zo daidai da abin da zai amfane ka ko ya amfani irinka, ka tuhume shi. In wanda abin zai faɗa kansa ba shi da bakin magana a wurin, ka ƙara tuhumarsa. In kuwa hukuncin ya tsaya ko da ka sa kanka a matsayin kowane ɓangare, kamar na mutumin da ya shigo asibiti da ƙafarsa, to ra'in da ya saɓa masa shi ke da aikin kare kansa. Ka gwada wannan a kan wata matsala guda da ke gabanka yanzu, ba ta littafi ba, ka rubuta abin da kowace mazhaba za ta ce da abin da ta kasa gani, sannan ka kai wa malaminku ya nemo ɓarakar taka amsar.